Tauri da Laushi: Abin da ke Kai Ƙwayar Magani Inda Aka Aike Ta

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ɗigon jini ta madubin ƙara girma ya ga jajayen ƙwayoyin jini, faifai-faifai kamar 'yan ƙananan waina. Faɗin kowace ɗaya maikromita 7 zuwa 8 ne. Amma a cikin saifa akwai wasu 'yan tsage da dole ƙwayar ta bi ta cikinsu, kuma faɗinsu bai wuce maikromita ɗaya ko biyu ba. To yaya abu mai faɗin 8 zai bi ta ƙofa mai faɗin 2? Lanƙwashewa yake yi, ya matse jiki ya wuce, sannan ya koma yadda yake. Haka ƙwayar ke yi har kimanin kwana 120. Ranar da ta tsufa ta yi tauri, sai saifa ta tare ta, aikinta ya ƙare.

Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan illar taurin ƙwayar jini ba. Ƙwayar jinin mai sikila takan sandare ta toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon da ke kwantar da abokanmu a hostal, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a raye. Ƙwayar cutar maleriya ma idan ta shiga jar ƙwayar jini takan taurara ta. Ashe dai jiki yana tantance abin da ke yawo a cikin jini ta hanyar taurinsa da laushinsa. Wannan darasi a kan haka yake: masu ƙera ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar magani sun gano cewa wannan doka ta hau kan ƙwayoyinsu ma.

Mece ce ƙwayar nano, mece ce folima?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake ƙerawa don ɗaukar magani yawanci tsakanin nanomita 10 ne zuwa 200. Ka ga ke nan sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi guda.

Amfaninsu shi ne su zama kamar ɗan aike. Maganin ciwon daji, alal misali, ba ya bambanta mai laifi da marar laifi. Inda duk ya sauka sai ya yi ɓarna, shi ya sa gashi ke zubewa, jiki ya rame. Idan aka ƙulle shi a cikin ƙwaya, ana fatan ta riƙe shi har ta kai inda ciwon yake, sannan ta sake shi a hankali.

Da me ake ƙera ɗan aiken? Sau da yawa da folima. Ka ɗauki folima kamar carbi: 'yar ƙwaya iri ɗaya ce ake maimaitawa a doguwar sarƙa. Ledar fiya wata folima ce, sitacin masara folima ne, ƙaro ma haka. Sai dai ba za a zuba wa mutum leda a jini ba, domin ba ta narkewa. Ana neman wadda jiki zai iya warwarewa ya fitar. Wadda ta fi shahara ana kiran ta PLGA. Sarƙarta haɗin abu biyu ce, sinadarin laktik da sinadarin gilaikolik. Shi laktik ɗin ba baƙo ba ne, shi ne tsamin nono, kuma jikinmu da kansa yana samar da shi. Ruwan jiki ke tsinka sarƙar gaɓa-gaɓa har ta koma waɗannan sinadarai biyu. Zaren ɗinkin tiyata da ke narkewa da kansa, irin su Vicryl da aka fara sayarwa a 1974, da wannan dangin folima ake yin sa. Duk wanda aka yi wa ɗinki aka ce ba sai ya dawo cire zare ba, ya riga ya yi hulɗa da ita.

A nan ga wata ƙididdiga da ya kamata ta tsayar da mu. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu ke isa ƙarin ciwon daji. Cikin 'yan aike dubu, bakwai ne suka isa. Mafi yawan sauran hanta da saifa ke kwashe su a hanya. An daɗe ana gyara girman ƙwaya da siffarta da abin da aka shafa mata a baya. Taurinta kuwa bai daɗe da samun kulawar da ta dace da shi ba.

Yadda ake auna tauri

'Yan injiniya sun san wannan tun ajin farko, amma bari mu maimaita saboda 'yan sauran sassa. Abu uku ne. Na farko matsi: ƙarfin da aka ɗora a raba shi da faɗin wurin da ya hau. Na biyu lotsawa: yawan abin da tsawo ya ragu a raba shi da tsawon asali. Na uku, idan ka raba matsi da lotsawa, ka sami ma'aunin Young, wanda aka sa wa sunan masanin Ingila Thomas Young. Da faskal ake faɗinsa. Lamba babba na nufin abu mai tauri, ƙarama kuwa mai laushi.

Ga misali da lissafi. Ka yanka curin kamu da ya daskare, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya-ɗaya. Ka ɗora masa nauyin giram 100, wanda ƙarfinsa kusan niyuton 1 ne. A ce ya lotsa da milimita 1. Faɗin samansa murabba'in mita 0.0001 ne, don haka matsi ya zama 1 a raba da 0.0001, wato faskal 10,000. Lotsawa kuwa 1 a raba da 10, wato 0.1. Raba 10,000 da 0.1, ka sami faskal 100,000, ko kilofaskal 100. Shi ke nan, ka auna ma'aunin Young.

Don ka san inda lambobin suka dosa: ƙarfen rodi yana wajen gigafaskal 200. Busasshiyar PLGA tana wajen gigafaskal 1 zuwa 2, wato roba ce mai tauri. Ƙwayoyin halittar jikinmu kuwa da kilofaskal ake auna su. Gigafaskal ɗaya kilofaskal miliyan ɗaya ne. Ke nan ga ƙwayar jini, ƙwayar PLGA tsakuwa ce.

Amma ta yaya za a ɗora nauyi a kan abin da ido ba ya gani? A 1986 Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka fito da wata na'ura da ake kira AFM. Tana da siririn hannu mai lanƙwasa, a bakinsa akwai tsini da kaifinsa 'yan nanomitoci ne. Aikinta kamar na mai sayen tumatir ne da ke latsawa da yatsa ya ji nunarsa. Tsinin ya latsa ƙwayar, hannun ya ɗan lanƙwashe, hasken leza da ke haska bayansa ya nuna yawan lanƙwasar. Daga nan kwamfuta ta lissafa taurin.

Akwai tarko biyu a wannan awo. Idan aka latsa da zurfi, tsinin zai ji taurin gilashin da ƙwayar ke kai, sai ta fito kamar ta fi yadda take tauri. Shi ya sa ake so latsawar kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin abin. Na biyu, awon busasshiyar ƙwaya daban, na wadda ke cikin ruwa daban. Duk lokacin da ka ga lamba a takardar bincike, tambayi kanka: a bushe aka auna ko a jiƙe, kuma a wane zafi?

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 2011 rukunin Joseph DeSimone a Jami'ar Karolina ta Arewa, Amurka, suka ƙera ƙwayoyi masu kama da jajayen ƙwayoyin jini, masu faɗin kusan maikromita 6, daga wata folima mai shan ruwa. Girma ɗaya, siffa ɗaya, tauri kawai suka bambanta. Da suka yi wa ɓeraye allurarsu, sai suka ga rage tauri sau 8 ya ƙara tsawon zaman ƙwayar a jini fiye da sau 30. Masu taurin huhu ya tare su tun da wuri, masu laushin suka yi ta zagaye.

A 2015 rukunin Samir Mitragotri a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka gwada a matakin nano, da ƙwayoyi masu faɗin nanomita 200. Wasu taurinsu kilofaskal 10, wasu 3,000. Masu laushin sun fi daɗewa a jini, masu taurin kuma dakarun jiki sun fi saurin haɗiye su.

Su wane ne dakarun? Wasu fararen ƙwayoyi ne da ake kira makurofaj, suna da yawa a hanta da saifa, aikinsu haɗiye duk baƙon da suka gani. Yadda suke haɗiya shi ne su naɗe abu da fatarsu. To gwada ka naɗe goro da ganye, sannan ka gwada naɗe kunu. Goro na tsaye cak, nan take za ka rufe shi. Kunu kuwa kana matsawa yana bajewa. Haka ƙwaya mai laushi take: ta kwanta ta baje a jikin fatar, sai naɗe ta ya buƙaci ƙarfi mai yawa.

Kar ka yi saurin cewa to a mai da komai mai laushi mana. Ƙwayar cutar dajin da ake son maganin ya shiga, ita ma sau da yawa ta hanyar naɗewa take karɓar baƙo. Abin da ya kuɓutar da ɗan aike daga 'yan tare hanya na iya hana shi shiga gidan da aka aike shi. A 2018 masu bincike a ƙasar Sin suka gwada ƙwayoyi masu cibiyar PLGA da rigar maiƙo, don su ga wacce ta fi ratsa majinar da ke lulluɓe hanji. Mai tsaka-tsakin tauri ce ta yi nasara. Mai taurin ba ta iya matsewa ta bi ramukan majinar, mai tsananin laushin kuma ta cika sauya siffa har tafiyarta ta ragu. Darasin shi ne babu tauri guda da ya dace da kowane aiki. Hanyar da maganin zai bi, ta jini ko ta baki, da inda zai sauka, su ke faɗin taurin da ake bukata.

Ruwa da zafi: ƙwaya ba ta zama yadda aka ƙera ta

Wannan ɓangaren ya fi shafar mu. Ka lura da cingam: da sanyin hunturu yana karyewa ƙas, amma ka sa shi a baki minti ɗaya sai ya yi laushi yana miƙewa. Bai narke ba, sarƙoƙinsa ne suka sami damar motsi. Folima irin wannan tana da wani mataki na zafi da take sauyawa daga hali irin na gilashi zuwa hali irin na danƙo. A littattafai Tg ake rubuta shi. Mu kira shi zafin saki.

Zafin sakin busasshiyar PLGA yana tsakanin digiri 40 da 60 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon haɗinta da tsawon sarƙarta. Jikin mutum digiri 37 ne. Sai ka ce ai za ta zauna da taurinta a jiki. Amma ruwa na shiga tsakanin sarƙoƙin ya zame musu kamar mai, ya sauke zafin sakin, har yakan iya faɗowa ƙasa da 37. Ke nan ƙwayar da aka auna a bushe aka ce tsakuwa ce, tana shiga jiki sai ta fara saki. Da ta saki, magani ya fi saurin fita.

Sannan ga narkewa. Ruwa na ratsa ƙwayar PLGA gaba ɗayanta, ba daga baya-baya yake cin ta ba. Sarƙoƙi su fara tsinkewa, ƙarfinta ya ragu tun siffarta na nan, daga baya ne jikinta ke zagwanyewa. Kamar gungumen da gara ta ci: a ido lafiya lau, a hannu ruɓus. Tsamin da ke fita daga tsinkewar kuma yana ƙara saurin tsinkewar sauran, musamman a manyan ƙwayoyi inda yake taruwa a ciki. Haɗin rabi da rabi, wato 50:50, shi ya fi saurin narkewa, cikin wata ɗaya zuwa biyu. Idan aka ƙara laktik, sai ta ƙi ruwa, ta ƙara watanni. Da wannan ake saita tsawon aikin magani. Lupron Depot, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989 don ciwon dajin mafitsarar maza, allura ɗaya ke aikin wata guda. Risperdal Consta na masu taɓin hankali kuwa duk mako biyu ake yi. Waɗannan biyun ƙwayoyinsu na matakin maikromita ne, sun fi nano girma, amma dokar ruwa da zafi ɗaya ce.

Yanzu ka kawo lissafin gida. A watan Maris da Afrilu zafi a garuruwan Arewa yakan kai digiri 40 a inuwa. Cikin but ɗin mota ko shagon kwano ya fi haka. Ga damina da laimarta. Ƙwayoyin da suka kusanci zafin sakinsu a cikin kwalba za su iya manne wa juna su dunƙule. Dunƙulalliyar ƙwaya ta tashi daga nano, tana iya toshe allura, kuma jadawalin sakin maganinta ya lalace. Shi ya sa irin waɗannan magunguna da dama ke son firji, kuma gwajin gaggawa na ƙa'idar duniya ke ajiye magani wata 6 a digiri 40 da laima kashi 75 cikin ɗari kafin a yarda da shi.

Ina ruwan ɗan Birnin Gwari da wannan?

Ruwa biyu ma. Na farko bukata. A wajenmu, Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, kowa ya san shekarun da hanyar Kaduna ta zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Marar lafiyar da maganinsa ke bukatar zuwa asibiti a kai a kai, kowace tafiya kasada ce da kuɗin mota. Allurar da za ta yi aikin wata guda ta fi amfani gare shi fiye da mazaunin birni. Amma shi ne kuma ya fi nisa da firji da tsayayyiyar wutar lantarki. Idan ba a ƙera maganin da zai jure zafinmu ba, wanda ya fi bukatarsa ne zai rasa shi.

Na biyu kayan aiki. Folima mai narkewa ba sai daga masana'antar Turai ba. Ƙaron da almajirai ke haɗa tawada da shi, masu wankin hula ke taurara hula da shi, folima ce da masana'antun magani da na lemon kwalba ke amfani da ita a duniya, lambarta E414. Sudan da Chadi da Nijeriya ne kan gaba wajen samar da shi, a nan gida kuwa daga Borno da Yobe da Jigawa ya fi fitowa, daga itacen dakwara. Dajinmu na yamma ya fi nasu ruwa da duhu. A nan gandun Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999. Itatuwan irin wannan daji ma suna zubar da nasu ƙaron, kamar marke da maɗaci da kukuki. Masu binciken harhaɗa magunguna a Jami'ar Ibadan sun gwada ƙaron wani itace ɗan dangin maɗaci a matsayin abin ɗaure ƙwayar farasitamol, kuma abin da suka auna shi ne ƙarfin ƙwayar da saurin karyewarta da yadda take sakin magani. Ga kuma masarar da ƙasarmu ta yi suna a kanta, wadda sitacinta ke cikin ƙwayoyin magani da yawa da muke sha.

Matsalar folimar daji ita ce rashin daidaito. Ƙaron wannan itace ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, na rani daban da na kaka. Masana'anta kuwa lamba take so, wadda ba ta canzawa daga buhu zuwa buhu. Kuma abin da za a sa a jini yana bukatar tsarkin da ya fi na abin sha nesa ba kusa ba, don haka ƙofar da ta fi kusa ga ƙaronmu ita ce ta maganin sha. Kafin a kai can, dole wani ya zauna ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa. Wannan kuwa aikin ɗan foli ne tsantsa.

Gwajin da za ka iya yi a wannan samista

Ba ka bukatar AFM don farawa. Masu bincike da dama ma babban curi na haɗin suke aunawa, su ɗauki lambar a matsayin kimanin taurin ƙwayar da aka yi da shi. Ga tsari mai sauƙi ga mai neman batun furojet:

1. Dama sitacin masara kala uku: giram 10, da 15, da 20, kowanne a ruwa mililita 100. Dafa su lokaci ɗaya, zuba a mazubi iri ɗaya, bar su su daskare.

2. Yanka curi masu girma ɗaya, ka auna tsayinsu da kalifa. Ɗora nauyi kaɗan-kaɗan kana rubuta lotsawar. Kada lotsawar ta wuce kashi ɗaya cikin goma, domin lissafin Young a ƙaramar lotsawa yake aiki.

3. Zana jadawalin matsi a kan lotsawa. Gangaren layin shi ne ma'auninka.

4. Rufe curin da leda don kada su bushe, ka ajiye wasu a firji, wasu a ɗaki, wasu a oben mai digiri 40, ka sake aunawa bayan awa 24.

5. Narka ƙaro, shimfiɗa shi ya bushe ya zama falle. Ajiye rabi a busasshiyar kwalba, rabi a kwalba mai jiƙaƙƙen auduga a gefe. Kullum ka auna nauyinsu, ka lanƙwasa su ka ga wanne ke karyewa, wanne ke miƙewa. Abin da ruwa ke yi wa PLGA ke nan kake gani da idonka.

Maimaita kowane awo sau uku aƙalla, ka rubuta zafin ɗakin da ranar, da sunan itacen da garin da ƙaron ya fito. Kayan gwaji ne, ba na sha ba, ballantana allura. Idan ɗalibin SLT ya haɗa kai da na injiniyan kanikanci, ɗaya ya dama ɗaya ya auna, za su fito da jadawalin taurin ƙaron marke ko na maɗaci a rani da damina. Irin wannan jadawali shi ne abin da mai harhaɗa magani a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a cibiyar NIPRD ta Abuja zai fara tambaya kafin ya ɗauki ƙaron dajinmu da muhimmanci.